Haruffa uku da suka zaɓa wa 'yata jami'a

Shekarun baya, a kakar da mutanen Mubi da Michika suka cika mana Jimeta da ƙunshin kaya a ka, na tafka wata wauta wadda har yau in na tuna sai na ture hula na sosa ƙeya. Na daɗe ina ɓoyonta. Yanzu da furfura ta cinye gemu, ba sauran wani mutuncin da zan tsare, bari in ba ku.

Ni dai aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bakin kogi na yi shi ina kallon masunta. Malaminmu ya gaya wa mahaifina cewa kaina tulu ne da aka kife, ko an zuba ba ya shiga. Daga nan aka miƙa ni tasha. Na yi yaron mota, na yi direba kusan shekara talatin, da ido ya fara rauni na koma ɗan kamasho a tashar Jambutu. Karatuna na allon hanya ne. In na hango haruffa biyu uku na farko na san garin, sauran kuwa mota ta riga ta wuce.

Sai Allah ya ba wa wannan tulun 'ya mai kai. Ita ce ta fari. Mahaifiyata Bafulatanar unguwar Makama ce a Yola, kuma da kunyar ɗan fari ta raine mu: ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna ya dame ka. Tun da aka haifi yarinyar nan sunanta bai taɓa fita bakina ba. In ina nemanta sai in ce wa ƙannenta, "Ina Addarku?" wato yayarsu. Tana jaririya ta yi wani mugun zazzaɓi, ni kuwa ina ƙofar gida na wanke mota sau uku a yini ɗaya, don kawai kar a ce na leƙa ɗakin. Abin da ke tsakanina da ita gaisuwa ce. Sauran magana ta bakin uwarta take bi, ita 'yar unguwar Alkalawa ce a nan Jimeta, tata kunyar ba ta kai tawa tsanani ba.

A wannan kakar ce jami'o'i biyu suka ɗauke ta karatun likita. Ɗaya a Maiduguri, ɗaya a Sakkwato. Aka buga guɗa a gidana, ni kuwa na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi tawa rawar ba mai gani. Duk wanda aka tambaya cikin masu ilimi sai ya ce ai Hassan da Husaini ne. Shekara shida nan, shida can. Nan da babban asibitin koyarwa, can ma haka. Ko wajen kuɗi ba wadda ta fi wata nauyi. An ba ta mako uku ta karɓi ɗaya ta saki ɗaya.

Su da takarda suke auna makaranta. Ni da hanya nake aunawa. Maidugurin da a da nake lodi da safe in bi ta Mubi da Gwoza da Bama in yi sallar azahar a can, wannan hanyar ta mutu. Sai dai a zaga ta Gombe, a faɗa Potiskum, a bi Damaturu, kuma direbobin da ke dawowa daga can ba sa son a tambaye su abin da suka gani. Akwai waɗanda na yi wa lodi da hannuna, har yau ba su dawo sun ba ni kamasho ba. Sakkwato kuwa kwana biyu ce a hanya kuma ba mu da kowa a can, amma ban ji ana tare mota ana sauke ɗalibai ba.

Gidan namu a lokacin ya cika da 'yan'uwa da 'yan'uwan 'yan'uwa da suka gudo, har zaure mata ne. Kullum sai a wayi gari da sabon labari, yau an ce yaran dajin nan masu bindiga suna Hong, gobe an ce sun kusa Gombi. A tasha mutane na hawa mota ba sa ma tambayar ina ta nufa.

Uwarta Maiduguri take so. Hujjarta ita ce ƙanwata na aure a can. "Malam, 'ya mace a garin da ba idon kowa nata? In ta kwanta ciwo wa zai dama mata kunu? Can ga Goggonta."

Na ce, "Kunu ake magana ko rai?"

Ta ce, "To ka faɗa mata da bakinka mana."

"Ni? 'Yar fari?"

"To ba ni saƙon in kai."

Ban ba ta ba. Ɗan aiken da yake da nasa ra'ayin, ka aike shi da gishiri ya isa da kanwa. Kuma akwai abin da nake jin nauyinsa: kar a ce jahilin tasha ya tsaya yana zaɓa wa likita makaranta.

Sau biyu ina gwada yi mata maganar. Na farko na tsaya a bakin ɗakinsu na yi gyaran murya, ta fito ta durƙusa ta ce, "Na'am, Baba." Na dube ta, na dubi sama, na ce, "An ba akuyar nan ruwa kuwa?" Na biyu ma dai akuyar ce ta cece ni. Ba a taɓa kula da akuya a Jambutu kamar wannan makon ba.

Akwai abokina a tasha, Babarbare ne, mun fi shekara ashirin muna zagin juna a kan benci ɗaya. Da ya ji labari sai ya ce, "Bawana, yarinyanka ya yi kai, wallahi ba naka ba ne. Kawo mana shi Maiduguri mu koya mishi zama da mutane, ku Fulani sai bin saniya."

Na ce, "In kawo ta garin da kai kanka ka gudo?"

Ya ce, "Ni cirani na zo."

"Ciranin shekara ashirin?"

Muka yi dariya, amma tawa a haƙori ta tsaya.

Da na ga kwanaki na tafiya, sai shaiɗanin da ya raka ni tun ina yaron mota ya raɗa mini dabara. Takardun nan biyu suna cikin akwatinta. In ta Maiduguri ta ɓata, ai sai a tafi da wadda ta rage. Ba wanda ya yi magana, ba wanda ya ji kunya.

Wata hantsi matan gidan suka fita kai abinci wata makaranta da aka sauke 'yan gudun hijira. Na ce a tasha cikina ne ya murɗa, na dawo gida. Na shiga ɗakin yaran da sanɗa, ni mai gidan, ina waige kamar ɓarawon kaji. Ga ambulan biyu a ƙarƙashin atamfa, ruwan ƙasa duka, ba ka bambance su. Tabarau kuwa na baro shi a kan benci. Na zaro ta farko, na kai ta bakin taga, na miƙa hannu nesa. Turanci ne tsitsit kamar tururuwa, amma a tsakiya ga manyan haruffa baƙaƙe. Na ga M. Na ga E. Na ga D.

To mu a tasha ba ma cewa Maiduguri. Meduguri muke kira. "Meduguri mutum ɗaya! Meduguri saura ɗaya!" Na ce shi ke nan, na kama ki. Na ninke ta na cusa a jakar fatar da nake ajiye tsohon lasisina, na mayar da ambulan ɗin ba komai a ciki, na koma tasha da lafiyayyen ciki.

Kwana biyu ba wanda ya ce uffan. Ina ta sauraron a ce takarda ta ɓata a hau bincike, shiru. Abin da na lura kawai shi ne yarinyar ta daina cin abinci sosai, idonta ya yi ja. Na ce a raina, ta ji haushi ne, zai wuce. A rana ta uku uwarta ta kawo mini ruwan alwala tana murmushi.

"Malam, yarinyar nan ta ce in gaya maka ta ga alama. Inda ka nuna, can za ta."

Na gyara zama na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Ni ai hankalina ya kwanta. Ka kyauta, Allah ya ƙara girma."

Na ce ikon Allah, dubi yadda mace take saukowa in ta ga namiji ya yi shiru da hikima. Na je tasha na ba abokina labari ina hura hanci. Ya riƙe baki ya ce, "Bawana, ka yi sata a gidanka? Wannan ko a Barebari ba a yi ba." Na ce masa ilimi daban, basira daban.

Kwana tara na yi ina wannan taƙama. Ranar wata Talata, saura kwana uku a rufe karɓar ta Sakkwato, ina tsakiyar lodin motar Gombe wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga Maiduguri, ita Hamma take ce mini, wato yaya.

"Hamma, jam na, lafiya dai? Ka ji mu shiru. Mun share wa ɗiyata ɗaki, har labule na sa. Yaushe za ku taso?"

Na ce, "Wace ɗiyar?"

"Ah ah! 'Yar farin taka mana, ko kunyar ce har a waya? Ta ce kai da kanka ka zaɓa mata nan. Wallahi Hamma ban zaci kana da wannan ƙarfin zuciyar ba."

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun wani fasinja ba. Hayaniyar tasha ta koma can nesa kamar na nutse a ruwa. Na laluba jakar lasisi, na zaro takardar, na miƙa wa abokina, don shi ya taɓa sakandare kafin a koro shi. Ya sa tabarau ya duba sama, ya duba tsakiya. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wannan na Sakkwato ne! Ga sunan garin a sama, ƙanana. Wannan babban da ka gani medisin ne, karatun likita. Duk biyun da shi za su zo. Kai bawana, kai bawana!"

Da ya ɗago ya ga fuskata sai dariyar ta yanke. Shi ma yana da 'yan'uwa a can, ya san abin da nake gani. Ya ninke takardar ya sa mini a aljihu da kansa, ya ce, "Tashi ka je gida. Ka yi magana da bakinka. Kunyan nan naku ba ya tare harsashi."

Da ƙafa na tafi, don ban yarda in shiga keke in isa da wuri ba. Duk hanya ina harhaɗa magana tana wargajewa. Na same ta a tsakar gida tana gugar hijabai da dutsen gawayi, ta jera su a kan tabarma, irin gugar mai shirin tafiya. Na kori ƙannenta, na jawo turmi na kife na zauna. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba.

Na ce, "Ke."

Ta ajiye dutsen ta durƙusa. Na zaro takardar na ajiye a kan tabarma.

Ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce, "Na san tana wurinka, Baba. Akwai jan goro a bakin ambulan ɗin."

"To me ya hana ki tambaya?"

"Ai ba a tambayar uba abin da ya riga ya faɗa. Takardar kam ko yau na je kafe, shagon intanet, za a sake bugo mini ita, ba ta ɓata. Da na ga ka ɗauke ta Sakkwato ka bar mini ta Maiduguri, na san magana ka yi."

Wato satar tawa ma ba ta hana komai ba. Abin da ta yi kawai shi ne ta isar da saƙo, kuma saƙon a juye.

Na dubi ƙasa na ce, "Kuskure na yi. Ta Maiduguri na je ɗauka. Na ga M da E da D."

Sai ta ja gefen hijabinta ta rufe fuska, kafaɗunta suka hau rawa. Na kasa gane dariya take ko kuka. Da ta buɗe fuskar na ga duka biyun ne.

Ta ce, "Baba, Sakkwato nake so da farko. Ba don ta fi ba, tsoro nake ji. Ranar da na ga ambulan ba komai, na shiga banɗaki na yi kuka don kar Inna ta ji. Sai na ce, duk garin nan ba wanda ya san hanya kamar Baba. In shi ya ce a bi, to tana biyuwa."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta ci gaba a hankali, idonta a kan tabarma. Ta ce ta kira Goggonta, Goggo ta haɗa ta da wata maƙwabciyarsu da ke aji huɗu a karatun likitan. Maƙwabciyar ta gaya mata ana karatu, ana jarrabawa, ana jin ƙara wani lokaci a yi shiru a ci gaba. Ta ce asibitin can ba ya rabuwa da marasa lafiya, ɗalibi ba ya rasa abin koyo. "Na kwana tara ina saba wa zuciyata da garin. Yanzu na duba na ga ba abin da ke kai ni Sakkwato sai gudu. Kuma nan ɗin ma, ba shekaranjiya ka ce su Inna su ɗaure kaya ko za a tashi ba?"

Sai ta ce, "Amma har yanzu ba a rufe ba, sai Juma'a. In ka ce Sakkwato, gobe da safe zan je kafe. Ba zan ji komai ba."

Ga abin da na yi sata dominsa an ajiye mini a gaba, kalma ɗaya ta rage. Na buɗe baki, sai na ji wata magana daban ta fito, wadda ban shirya ba a hanya.

"Tsoro nake ji. Ina tsoron in yi miki lodi da hannuna."

Shekara goma sha tara, wannan ce magana ta farko da na gaya mata wadda ba gaisuwa ba, ba aike ba. Ta sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar. Gawayin dutsen guga na ta cin kansa a tsakaninmu. Can na ce, "Ke wacce kike so? Ba ta Baba ba, ba ta Inna ba."

Ta ce, "Yanzu kam Maiduguri."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na tashi na fita. Laraba da Alhamis ban yi lodin kirki ba. Duk direban da ya sauka daga Damaturu sai na ja shi gefe: ƙarfe nawa ake buɗe hanya, ina ne ba a tsayawa ko taya ta fashe, wane gari ake kwana in rana ta yi. Wannan ya ce da sauƙi, wancan ya ce kar ka kuskura. Na yi istihara, na tashi ban ga komai ba sai ciwon kai. Sau nawa ina kama hanyar gida don in ce mata ta je kafe, in kai kwanar layinmu in juyo.

Ranar Juma'a na sauko daga masallaci na zauna a ƙofar gida ina kallon inuwa tana tsawo. Ba wanda ya fito ya tambaye ni. Da aka kira la'asar na san ofisoshi sun tashi, Sakkwato ta wuce. Na leƙa ciki na ce wa uwarta, "A nemo wa yarinyar nan bokiti da katifa mai kyau."

Ni na raka ta. Na zaɓi direban da ni na koya wa tuƙi, na zauna a gaba ina taka birkin da babu a ƙarƙashin ƙafata. Kowane shinge a sauka, a ɗaga hannu, a taka da ƙafa. Daga Damaturu zuwa ƙofar gari ba wanda ya yi tari a motar. Na damƙa ta a hannun Goggonta, na sha ruwa, na juyo ban yi mata sallama ba, don na san muryata za ta tona ni.

Karatun shekara shida ya ci kusan takwas saboda yajin aiki. Duk tsawon nan rediyo na manne a kunnena. In na ji an ambaci garin sai in kira lambarta, tana ɗauka ta ce, "Baba lafiya lau nake," ni kuwa in ce, "Au, ke ce? Goggonki na so kira." Ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Abin da ban lissafa ba shi ne, shekarar da ta biyo baya nan Jimeta bom ya tashi, ba nisa da inda nake zama. Ranar ita ce ta yi ta kira tana kuka, ni ina ce mata lafiya lau nake.

Yau tana aiki a wani asibiti a nan Yola. In mutane suka ce na yi jarumta da na tura 'yata can a wancan lokacin, sai in gyara hula in ce ai sai da zuciya. Ku da kuka karanta wannan kun san gaskiya. Kuma ba zan ce dabarata ko tata ce ta dawo da ita ba. Akwai 'ya'yan mutane da suka bi hanyar nan da addu'ar da ta fi tawa, ba su dawo ba.

Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, da ita aka raine ni kuma da ita zan mutu. Amma na gane in ka yi shiru, ɗanka ba ya zama haka nan. Zai ɗauki shirun naka ya fassara, kuma zai bi fassarar ko da wuta za ta kai shi, don yana zaton ka san abin da kake yi. Yarinyar nan ta yi kwana tara tana haɗiye tsoro saboda ta yarda da ilimin mutumin da bai iya karanta kalma har ƙarshenta ba.

Watan jiya ta zo gida ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta matsa, ta duba, ta ɓata fuska irin ta likitoci. Ta ce, "Baba, wannan hawan jinin tun yaushe yake tare da kai?"

Na ce, "Ajinku ɗaya. Rana ɗaya na kai ku makaranta. Ke kin gama, shi har yanzu yana maimaitawa."